Tuntun Labule

Kirikasamma gari ne a ƙasar Haɗeja, cikin Jihar Jigawa, arewa maso gabas da birnin Haɗeja. Ƙasa ce ta ruwa da fadama. Kogin Haɗeja ya taso tun daga wajen Kano, in ya iso nan sai ya rarrabu hannu hannu, ya malala cikin fadamu, kafin ragowarsa ta wuce ta nufi Tafkin Cadi. Saboda haka yawancin mutanen wurin manoma ne da masunta da makiyaya. Akwai goriba da yawa, mata suna saƙa tabarmi da faya-fayai da kabarta.

Ruwan nan shi ne arzikinsu, amma wata shekara shi ne kuma abin tsoronsu. Cikin daminar 2022 kogi ya yi ambaliya, ya ci gonaki, ya rushe gidaje masu yawa a ƙasar Haɗeja, har da Kirikasamma. Cikin waɗanda ruwa ya cinye wa shinkafa akwai wani manomi, wanda an riga an sa wa babbar 'yarsa ranar aure bayan kaka. Ƙaramar 'yarsa kuwa tana aji biyar a makarantar firamare. A gida ba a kiranta da kome sai Auta.

Ga al'adar Hausa, kayan ɗakin amarya a wuyan ubanta su ke. Shi zai nemo gado da katifa da kwanoni da labule, mata su tafi gidan ango su yi jere, sa'an nan dangin ango su zo ganin ɗaki. Mutumin nan da shinkafarsa ya dogara, ga shi ta tafi. Sai ya sayar da awakinsa biyu, ya haɗa da ɗan abin da 'yan'uwa suka kawo gudummawa, ya sayi abin da ya wajaba. Da aka zo kan labule, kuɗi ya kusa ƙarewa. Farin yadi kaɗai ya samu, tela ya kalmashe masa baki, ya fid da labule biyu, ɗaya na ƙofa, ɗaya na taga.

Ran da aka je kasuwar Haɗeja sayayya, Auta ta bi innarta da yayarta. A rumfar mai labule suka ga igiyoyin ɗaure labule irin na kanti, launin zinariya, ko wace da tuntu biyu suna lilo. Amarya ta ɗauki ɗaya ta juya ta, ta shafa. Inna ta tambayi kuɗi, mai rumfa ya faɗi. Inna ba ta ko taya ba, ta karɓi igiya daga hannun 'yarta ta mai da ita wurin da ta ke. Amarya ba ta ce kome ba, amma Auta ta ga yadda ta waiwaya sa'ad da za su fita.

Wani ya ce, ina amfanin igiyar labule? Amfaninta kuwa ba kaɗan ba ne. Kafin labulen yadi ya yawaita, asabari a ke ratayewa a ƙofar ɗaki, ko tabarma, in gari ya waye a naɗe shi sama. Labule kuwa tattare shi a ke yi gefe guda, don haske da iska su shiga ɗaki. In ba a ɗaure shi ba, iskar hunturu ta riƙa wasa da shi ke nan, yana sharar ƙura, yara suna goge hannu da shi, wani lokaci ma ya kai ga fitila ko kaskon wuta. Da magariba kuma a kwance shi a sake, musamman a ƙasar fadama inda sauro ba ya jiran dare ya yi nisa. Har wa yau labule yana magana. In baƙo ya tarar da shi a sake, ya san sallama zai yi ya dakata. In ya tarar da shi a ɗaure, ya san mai ɗaki ta kintsa.

Gaskiya da tsumma ma a iya ɗaure labule, gidaje da yawa haka su ke yi. Waɗansu kuwa ƙulla labulen su ke yi da kansa, ya yamutse kamar an tauna. Amma ɗakin amarya ran ganin ɗaki ba wurin tsumma ba ne. Matan da za su zo ba abin da ke wuce idonsu, abin da suka gani kuwa shi za a yi ta faɗi a bakin rijiya.

Tuntu dai shi ne tarin zare wanda aka ɗaure kansa wuri ɗaya, aka bar gindinsa a sake yana reto. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk yaron da ya taɓa kallon hawan salla a Haɗeja ya ga tuntaye a kayan dawaki, ya gan su a bakin hamila, watau igiyar da a ke rataya takobi da ita. Akwai shi a ƙarshen carbi. Dukawa suna yin nasu da jar fata, su tsaga ta siri siri su sa wa jaka. Akwai shi kuma a kan jar dara, hular nan wadda Sarkin Musulmin Turkiyya Mahmud na biyu ya umurci ma'aikatansa su riƙa sawa cikin 1829. Ɗaliban jami'a ma, ran da su ke karɓar shaidar gama karatu, ko a Dutse ko a Kafin Hausa, hular da su ke sawa da tuntu a gefenta. A ƙasar Faransa sana'a ce sukutum: cikin ƙarni na 16 masu yin tuntu da igiyar ado suka kafa ƙungiyarsu, a zamanin nan yaro sai ya shekara 7 yana koyo kafin a ce ya zama gwani. Amma wannan na fadar sarakuna ne. Na ɗaure labulen gida, yarinya mai natsuwa ta iya koyonsa da yamma ɗaya.

Da suka komo gida, Auta ta shiga ɗakin kakarta ta kwashe labari ta gaya mata. Tsohuwa ta yi dariya, ta ce, "Ke kishiya, abin da ya hana ki cin tuwo ke nan? Miƙo mini adudun can na ƙarƙashin gado."

Tsohuwar nan da ƙuruciyarta gwanar kaɗi ce. A zamaninsu mace ita ke gurje auduga ta fid da gurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, sa'an nan ta kaɗa ta da mazari ta zama zare ko abawa, a kai wa masaƙi. Mazari ɗan siririn tsinke ne, a gindinsa akwai wani ɗan dunƙulen yumɓu gasasshe mai huda a tsaka, sunansa gululu. Nauyin gululu shi ke sa mazari ya daɗe yana juyawa. Amma tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru cikin 1930, ya bi ta Malam Madori kusa da Haɗeja, yadi da zaren inji suka yi ta shigowa. Cikin 1957 kuma aka buɗe babbar masaƙa a Kaduna. Sannu sannu kaɗi ya ja baya, har ya zama 'yan mata da yawa yanzu ba su taɓa riƙe mazari ba. Ita ma tsohuwa da idonta ya raunana sai ta tattara kayan kaɗinta ta rufe a adudu.

Ta zazzage adudu a kan tabarma, ta tsinci gululu huɗu masu girma ɗaya, ko wane da zanen fari da ja a jikinsa. Ta ce, "Ga kawunan tuntunki. Saura zare, wannan kuwa ke za ki nemo." Auta ta fasa asusunta, ta sayo farin zaren auduga mai kauri, irin wanda mata ke saƙa da shi.

Ga yadda tsohuwa ta koya mata. Da fari a nemi ɗan katako ko kwali mai ƙarfi, tsawonsa daidai da tsawon tuntun da a ke so. Nasu inci 6 ne. A riƙe bakin zare da babban yatsa, a yi ta naɗa shi a jikin kwalin, daga sama zuwa ƙasa, ana ƙirgawa. Kada a ja da ƙarfi har kwali ya tanƙware, kada kuma a sake ya yi laƙo-laƙo. Ƙirgan nan shi ne abin da yara su ke rainawa, shi ne kuwa ke sa tuntaye su fito kai ɗaya. Wanda ya naɗa na farko da ƙirga, na biyu da ka, zai ga ɗaya ƙato ɗaya ramamme, kamar ɗan gida da agola. Tsohuwa ta ce sau 80 za a naɗa ko wane.

Auta da ya ke 'yar makaranta ce, sai ta ɗauko fensir ta yi lissafi. Naɗi ɗaya ya ci inci 12, shida gaba shida baya. Naɗi 80 ya ci inci 960 ke nan. Tuntu huɗu inci 3,840, watau kusan yadi 107, ban da na igiya. Ta gaya wa kakarta. Tsohuwa ta ce ita dai ba ta san yadi ba, amma in ta ɗaga ƙullin zare a hannu ta san ko zai isa.

In naɗi ya cika, sai a yanko wani zare mai tsawon kamu ɗaya, a riɓa shi biyu don ƙarfi, a zura shi ta ƙarƙashin naɗin a bakin kwali na sama, a ƙulle tam, ƙulli biyu. Wannan shi ne maratayin tuntu, kada a yanke ragowarsa. Sa'an nan a sa almakashi a bakin kwali na ƙasa a datse naɗin duka. Zare zai zubo gefe biyu, sili 160, ɗaure a tsakiya. A tattaro su wuri ɗaya a shafe su su kwanta.

Daga nan sai ɗaurin wuya, nan kuwa aikin ya ke. Tuntun da wuyansa bai ɗauru ba, kwana kaɗan sili zai fara zarewa ɗaya ɗaya, har a wayi gari ya zama kamar tsohuwar tsintsiya. A auna faɗin yatsa biyu daga ƙullin sama. A ɗauki wani zare, a lanƙwasa bakinsa ya yi ɗan zarge, a kwantar da zargen a jikin tuntu yana duban ƙasa, ɗan gajeren bakin yana leƙowa sama. Sai a kama dogon bakin a yi ta naɗawa bisa zargen, da ƙarfi, ko wane naɗi ya kwanta kusa da ɗan'uwansa, kada wani ya hau wani, har sau goma ko goma sha biyu. A zura abin da ya ragu cikin zargen, a ja ɗan gajeren bakin nan na sama. Zarge zai shige ƙarƙashin naɗi ya ja ɗaya bakin tare da shi. A yanke bakin biyu, ba mai ganin ƙulli. Sau uku Auta tana yi tsohuwa tana taɓawa da yatsa tana cewa, "Warware." Har ta fara ƙunƙuni, ta ce wannan ai tufka da warwara ne. A na huɗu tsohuwa ta murza, ta ja sili ɗaya ya ƙi fitowa, ta ce, "Yauwa."

Saura gyaran gindi. A taje tuntu da matsefi, a naɗe shi cikin 'yar takarda kamar yadda mai ƙosai ke naɗe ƙosai, a bar bakin zaren da ya zarce yana leƙowa, a datse shi daidai da bakin takarda. In ba a yi dabarar takardan nan ba, a yi ta yanka nan ya fi can, can ya fi nan, har tuntu ya ƙare. Bayan haka a zura maratayin cikin hudar gululu, gululu ya sauko ya zauna bisa kan tuntu. Wanda ba shi da gululu ya iya sa babban dutsen ado, ko ya bar shi haka nan. Amma nauyin yana da amfani, shi ke sa tuntu ya tsaya sak, iska ba ta ɗaga shi.

Igiya kuwa sai da mutum biyu. In ana son ta yadi ɗaya, a yanko sili shida, ko wane yadi uku, gama murɗa da riɓi suna cin tsawo. A ƙulle bakunansu, a sa ɗan tsinke a ko wane gefe. Tsohuwa ta riƙe gefe ɗaya tana zaune, Auta ta ja da baya har zare ya miƙe, ta yi ta juya tsinkenta gefen da zaren ya ke a murɗe tun asali. In an juya ɗaya gefen, warwarewa zai yi. Ana yi ana yi har ya zama in an ɗan sassauta, zare ya nemi ƙudundunewa. To, ya isa. A rataya wani abu mai ɗan nauyi a tsakiya, kamar mabuɗi, a haɗa bakin nan biyu wuri ɗaya ba tare da an saki ja ba, sa'an nan a bar shi sannu sannu. Sai igiya ta riƙa tufka kanta da kanta, mabuɗi yana juyawa. Auta ta yi tsalle don mamaki. Ba wani sihiri a ciki: ko wane rabi yana so ya warware, ɗan'uwansa ya tare shi, sai su nannaɗe juna. Ita ce hikimar da ke cikin igiyar rama wadda maza ke tufkawa a gindin bishiya. A ƙulle bakunan, a ɗinke maratayin tuntu a ko wane baki da allura.

Kafin la'asar ta kwana na biyu sun gama igiya biyu da tuntu huɗu, farare fat. Saura kwana huɗu jere.

Auta ta kara su a jikin labule, sai ranta ya ɓaci. Fari bisa fari, ba su fito ba. Ta tuna na kasuwar Haɗeja masu ƙyalli. Ta ce, "Kaka, a rina su ja." Tsohuwa tana shirin tafiya suna a Marma, za ta kwana can. Ta ce, "Ki bar su yadda su ke sai na dawo. Rini da ƙa'idarsa."

Amma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. A maƙwabta akwai wata mai saƙar tabarma, ta rina kabarta da jar galura ran nan, ragowar ruwan yana cikin tukunya a bayan ɗaki. Auta ta roƙa, aka ce ta ɗiba. Ta tsoma igiya da tuntu duka, suka fito ja wur, abin sha'awa. Ta matse su, ta shanya a kan danga. Da dare ya yi ta taɓa ta ji kamar sun bushe, ga iskar hunturu. Ashe bayan ne kaɗai ya bushe, cikin wuya da cikin igiya da sauran danshi. Ta lallaɓa ɗakin inna inda aka rataye labulen don kada su yamutse, ta tattare ko wane ta ɗaure, don yaya ta tashi da safe ta gani ta yi murna.

Da asuba salatin inna ya tashe ta. Ko wane labule ya yi jan tabo daga wannan gefe zuwa wancan, layi guda daidai inda igiya ta kama, ƙasa da shi kuma dabbare-dabbare inda tuntu ya kwanta.

Dalili kuwa shi ne, ko wane rini da abin da ya ke kamawa. Wanda ya kama kaba ko fata ba lalle ne ya kama zaren auduga ba, sai ya zauna a bayansa kawai, ruwa na taɓa shi ya tashi. Har rinin da ya dace da auduga ma, sabon rini yana da ragowar da ba ta shiga zare ba, dole a ɗauraye shi, a sāke ruwa, a ɗauraye, har ruwa ya fita garau. Dubi rawanin da ya sha shuni, yadda ya ke bar wa mai shi baƙi-baƙi a goshi. Saboda haka duk zaren da za a kusantar da farin tufa, ko na kanti ne, a fara gwada shi: a jiƙa ɗan guntu, a matse shi cikin farin ƙyalle. In ƙyalle ya ɗauki launi, zaren nan bai gama wanku ba.

Inna ta yi faɗa har ta gaji. Amarya ta shiga ɗaki ta rufa da zane. Baba ya zo ya tsaya, ya dubi labule, ya daɗe yana duba, ya sa takalminsa ya fita bai ce uffan ba. Wannan shi ya fi yi wa Auta zafi, gama ta san ba sauran akuyar da za a sayar. Aka wanke labule da sabulu har sau uku. Ja ya kwanta ya koma ja-ja, amma ya ƙi fita.

Da hantsi tsohuwa ta dawo. Ta kai labule kusa da idonta, ta auna tabon da tafin hannu, ta ga bai kai taƙi ɗaya ba. Ta dubi Auta wadda ke rakuɓe a gindin turmi, ido ya kumbura. Ta ce, "Kuka ba ya wanke galura. Tashi ki ɗauko mini saƙina."

Saƙi zane ne na saƙar hannu, baƙin baba da fari a gauraye, kamar jikin zabuwa. Wannan kuwa ita ta kaɗa zarensa da hannunta tun tana amarya, aka kai marina aka rina, masaƙi ya saƙa. Shi ta ke yafawa in za ta wurin biki. Irin wannan zane ba a faɗinsa a ke saƙa shi ba. Siri siri masaƙi ke fitarwa, ko wane kamar faɗin tafin hannu, sa'an nan a harhaɗa da allura. Tsohuwa ta sa reza ta fara farke ɗinki.

Inna ta ce, "Haba Iya, zanen naki?"

Ta ce, "Ina zan kai shi? Biki nawa ya rage mini? Gara ya tafi ɗakin jikata ya ga duniya."

Ta fid da tsiri biyar. Huɗu aka kai wa tela, ya jera biyu biyu ya ɗinke su a gicciye bisa ko wane labule, suka rufe tabo. Na biyar kuwa ta miƙa wa Auta ta ce ta zare shi sili sili. Zaren ya fito a lanƙwashe saboda daɗewa cikin saƙa, suka jiƙa shi, suka naɗa a katako, suka sa a rana har ya miƙe. Wannan karon Auta ba ta jira an ce mata ba, ta matse shi cikin farin ƙyalle. Ƙyalle ya fita fari. Tsohuwa ta ce, "Zaren da ya sha wanki tun ba a haifi ubanki ba, me ya rage masa da zai zubar? Da tsohuwar zuma a ke magani."

Amma tsohon zare ba shi da ƙarfi, ba ya jimre ja. Saboda haka a gezar tuntu kaɗai aka sa shi, aka gauraya da fari, rabi da rabi. Igiya da ɗaurin wuya sai da sabo, sabon kuwa ya ƙare, asusu ma ya fashe. Auta tana tsaye tana juya kwali a hannu, sai ga yayarta ta fito daga ɗaki, ta kwance bakin zanenta, ta miƙa mata kuɗi. Ta ce, "Ungo, je ki sayo. Ki yi sauri kafin mai tebur ya tashi."

Daren nan su uku suka zauna a gaban fitila. Amarya tana naɗi tana ƙirga, Auta tana ɗaurin wuya, tsohuwa tana taɓawa. Sau ɗaya tak ta ce a warware. Aka cire gululu daga jajayen tuntaye, aka wanke su, aka sa wa sababbi. Jajayen kuwa ba a yar ba. Bayan an ɗauraye su, Baba ya ɗauka ya ɗaura wa jakinsa a goshi, ya ce shi ma ya yi hawan salla. Ran nan ne aka fara jin dariyarsa tun da ruwa ya ci gona.

Ran jere aka kafa ƙusa a bango, gefen ƙofa da gefen taga, daidai tsayin ratsin saƙi. Aka tattare labule, aka zagaya shi da igiya, aka yi ƙulli ɗaya sako-sako, aka maƙala a ƙusa, tuntu biyu suka sauko ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo. Ta bayan labulen ƙofa har yanzu da ɗan alamar ja, amma sai wanda ya san wurin ke ganinta.

Da la'asar dangin ango suka zo ganin ɗaki. Suka duba gado, suka ƙirga kwanoni da ido, yadda aka saba. Cikinsu akwai gwaggon ango, wata dattijuwa wadda aka sani ba ta cika yabo ba. Za ta fita ke nan sai ta tsaya a bakin ƙofa. Ta shafa ratsin saƙi, ta kama tuntu ta ɗaga shi wajen haske, ta murza wuyansa, ta ja sili ɗaya. Sa'an nan ta ƙwanƙwasa kansa da farce.

Ta ce, "Wannan ai gululu ne! Rabona da ganinsa tun rasuwar innata. A wace kasuwa kuka samo?"

Inna ta ce, "Ba na kasuwa ba ne. Ƙanwar amarya ce ta yi, ita da kakarta."

Gwaggo ta sa aka kirawo Auta, ta dube ta sama da ƙasa. Ta ce, "Ke 'yar nan, ajinki nawa?" Auta ta durƙusa ta ce biyar. Gwaggo ta ce, "Ina da gululun innata cikin wani kwano, sun fi goma. Ran Alhamis in kin taso makaranta ki biyo ta gidana. Ki zo da kwalin naki."